"Da sauƙi" ba lamba ba ce

Ana gobe za a shiga da ni tiyatar maƙoƙo, bayan la'asar, wata matashiyar likita ta jawo kujera ta zauna a gefen gadona. Ba ta cikin likitocin fiɗa da na saba gani a zagayen safe. Ta ce ita daga ɓangaren masu sa barci take, kuma abu biyu ne ya kawo ta: na farko ta duba ni saboda aikin gobe, na biyu kuma roƙo ne, wanda in na ga dama in ƙi. Ta sa na buɗe baki ta leƙa, ta tambaye ni ko ina da haƙori mai girgiɗa, ta riƙe hannuna tana kallon agogo. Bugun zuciyata 84 a minti ɗaya. Na yi hamdala a raina, don na san lokacin da yake haura 120 ina zaune ban ɗauki ko tsinke ba.

Sai ta ce, "Malama, ya jiki?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ta ce, "To, wannan amsar ita ce za mu fara gyarawa kafin gobe."

Amma bari in koma baya kaɗan, don a san abin da ya kai ni wannan gadon.

Ni malamar firamare ce. Kusan shekara uku kafin wannan rana na fara ramewa, alhali ina cin abinci fiye da kowa a gida. Cikin hunturu, mutane na lulluɓe da bargo, ni ina jiƙe da gumi. In na ɗauki alli zan yi rubutu a allo sai hannuna ya riƙa rawa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne faɗa: ɗan ƙaramin laifi yaro zai yi in hau shi da tsawa, daga baya in koma ofis in yi kuka. Na sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot har na daina ƙirga. Wasu a dangi suka ce iska ce, aka yi ta kawo rubutu da turare. Ranar wani biki na ɗauko sarƙar da na saba sawa ta ƙi zagaye wuyana, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta dube ni ta ce, "'Yar nan, haɗiyi yawu in gani." Na haɗiya. Ta ce, "Maƙoƙo ne wannan."

A asibiti aka ɗebi jini. Likitan da ya karanta sakamakon ya zana mini hoto a bayan takarda: wata halitta ce a gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, mai siffar malam-buɗe-littafi, suna kiranta tairod. Sinadarin da take fitarwa shi ke tsara saurin aikin jiki baki ɗaya, daga bugun zuciya har narkar da abinci. Tawa ta wuce gona da iri. Na ce ai mu gishirin leda muke ci, mai aidin. Ya ce maƙoƙo ba iri ɗaya ba ne. Akwai na ƙarancin aidin, wanda saboda shi ne tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishiri a Najeriya. Nawa kuwa cutar Graves ce, wadda garkuwar jikin mutum da kanta ke tunzura tairod ɗin ta yi ta aiki ba hutu. Ita ce ma ta sa idanuna suka ɗan firfito.

Aka ɗora ni a kan kabimazol, mai rage sarrafa sinadarin, da furofaranolol, mai lafar da bugun zuciya da rawar hannu. Gargaɗi ɗaya ya maimaita mini har sau uku, kuma ina so duk mai shan kabimazol ya riƙe shi: in ka ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, ka ajiye maganin ka tafi a gwada jininka a ranar, domin wani lokaci, ko da yake ba kasafai ba, yakan karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Ya kuma ce in ina shirin ɗaukar ciki in faɗa tun da wuri, don a watanni ukun farko wani magani daban ake bayarwa. Wata 18 na yi ina sha. Na murmure, na yi ƙiba, aka tsayar. Ba a rufa wata biyar ba ciwon ya dawo, wuyan kuma ya ƙara girma har in na kwanta rigingine sai in ji kamar an ɗora mini hannu a maƙoshi. Aka yi mini bayanin wani aidin na musamman mai tururin nukiliya da ake sha ya ƙone tairod ɗin daga ciki, amma wuraren da ake yin sa a ƙasar nan ba su da yawa, kuma yana iya tsananta matsalar ido. Muka tsaya a kan tiyata.

Ba a yanka mai irin ciwona sai jininsa ya daidaita, domin in aka taɓa tairod tana tsakiyar haukanta, zafin jiki da bugun zuciya suna iya tashi lokaci guda har a rasa rai. Sau ɗaya aka ɗaga mini rana saboda haka, na koma gida da jakata ina hawaye. Kwana 10 kafin rana ta biyu aka ba ni ruwan aidin na Lugol, ana ɗiga shi a kofin ruwa, ɗanɗanonsa kamar ka tsotsi tsohon ƙarfe, don ya rage jinin da ke kwarara cikin maƙoƙon. Likitan kunne da hanci ya zura wata siririyar na'ura ta hancina ya kalli igiyoyin muryata yana cewa in ce "iii". Ƙanin maigidana ya ba da jini aka ajiye. Daga nan sai gado, sai wannan likita da takardunta.

Roƙon nata shi ne in shiga cikin wani bincike da take yi, irin wanda likitoci masu neman ƙwarewa ke gabatarwa kafin jarrabawarsu ta ƙarshe. Ta sa yatsa a gefen wuyanta, bayan doguwar tsokar nan da ta taso daga bayan kunne ta gangaro gaba, ta ce daidai nan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga fatar wuya suke ɓullowa. Bayan na yi barci za a yi allura a wurin, dama da hagu. Rabin mutanen za a sa musu bufibaken, maganin kashe wuri mai daɗewa, ɗan'uwan wanda ake yi wa mai cire haƙori. Sauran rabin kuma ruwan gishiri ne zalla, irin na ƙarin ruwa. Ana so a gani ko allurar tana rage zafi bayan aiki, da kuma yawan maganin da mutum zai nema.

Na ce, "Likita, wa zai zaɓi wanda za a ba ni?"

Ta ce babu mai zaɓa, ƙuri'a ce. Akwai ambulan-ambulan a liƙe da lambobi. Wani abokin aikinta zai buɗe nawa, ya haɗa sirinjin a ɗaki daban ya miƙo, kuma duka biyun garau suke kamar ruwa. Ita ba za ta sani ba, ni ba zan sani ba, nas ɗin da za ta kula da ni ba za ta sani ba. Dalili kuwa, in na san an ba ni maganin zuciyata za ta rage mini zafin, in ita ta sani hannunta zai karkata wajen rubutu ko da ba ta yi niyya ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ruwan gishirin. Na ce ke nan za a iya barina da ciwo don a kwatanta? Ta ce a'a. Kowa zai samu maganin zafin da ake ba duk wanda aka yi wa wannan aiki, farasitamol ta jijiya da sauransu, kuma duk lokacin da na nemi ƙari za a ba ni. Allurar wuyan ƙari ce a kai. Ta lissafa abin da zai iya faruwa: kumburi ko taruwar jini a wurin allurar, dishewar murya ta ɗan lokaci, da haɗarin maganin ya shiga jijiyar jini, wanda saboda shi ake jan sirinji baya a duba kafin a tura. Ta ce in na ƙi, aikina yana nan gobe, likitocina su ne dai, ba abin da zai canja. In na yarda yau na fasa da safe, shi ma daidai ne. Ba za a biya ni ba, ba kuma zan biya kuɗin allurar ba. Ta bar mini takardun, na Turanci da fassarar Hausa, ta ce za ta dawo bayan isha.

Da magariba Baba ya zo tare da maigidana. Ina faɗa masa ya ajiye carbinsa.

"Gwaji? Da ke za a yi zakaran gwajin dafi?"

Baba yana Kano a 1996, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna. A lokacin ne kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, a kan yara 200: kimanin rabi aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wanda aka saba. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan kuma ya nemi izini. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Duk wanda ya ga wannan zamanin, in ya ji kalmar gwaji ya ja da baya, ba zan ga laifinsa ba. Tsoron Baba yana da tushe, kuma har yau ina ganin masu bincike a ƙasar nan suna ɗauke da bashin wannan tsoron, ba su da hanyar biya sai bayani da haƙuri.

Da likitar ta dawo ta durƙusa ta gaishe shi. Ya jero mata tambayoyi, ta amsa ɗaya bayan ɗaya ba ta ƙosa ba. Maganin sabo ne? A'a, an shafe shekaru masu yawa ana amfani da shi, shi ne ma ake yi wa mata allurarsa a gadon baya lokacin tiyatar haihuwa. Wa ya ba ki izini? Kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, ga lambar amincewarsu a saman takarda, ga lambar wayarsu a ƙasa in akwai ƙorafi. Ta ce tun 2007 Najeriya ke da ƙa'idar ƙasa a rubuce kan binciken lafiya, kuma ba a taɓa mutum sai da yardarsa. Baba ya ce, "To in ni na hana fa?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, shawararku tana da girma, shi ya sa na bar takardar ta kwana a hannunku in ana so. Amma sa hannun nata ne."

Baba ya yi shiru. Can ya juyo ya ce, "Ke me kika gani?"

Na ce, "Baba, kabimazol ɗin da na sha wata 18, ai sai da aka gwada shi a jikin wasu kafin ya iso gare ni. Ban san su ba. Kuma wannan ta faɗa mini komai tun ban tambaya ba."

Ya ce Allah ya sa alheri ne. Na sa hannu, maigidana ya sa a matsayin shaida, ta ba ni kwafi ɗaya.

Sannan ta ciro wani ɗan kati mai layi, daga 0 zuwa 10. Ta ce 0 babu zafi ko kaɗan, 10 kuma zafin da ba ki taɓa tunanin akwai irinsa ba. Gobe za a riƙa zuwa a sa'o'i ƙayyadaddu ana tambayata, ina kwance shiru nawa ne, in na haɗiyi yawu nawa ne. Ta ce, "Malama, babu gurbin 'da sauƙi' a takardata. Lamba nake so, kuma ta gaskiya. In kin rage don kunya ko don ki faranta mini, kin ɓata lissafin, kuma kin cuci wadda za a yi wa aiki bayanki."

Na kwana ina juya wannan maganar. Mu an rene mu a kan dauriya. Yarinya tana naƙudar fari ana ce mata ta yi shiru kada ta ba da kunya. Mara lafiya yana nishi, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi, kuma da gaske addu'a ce da kyautata zato ga Allah, ban raina ta ba. Sai dai a gaban mai riƙe da magani, wannan kalmar tana rufe ƙofa.

Da safe aka tura ni. Abin da na riƙe shi ne sanyin ɗakin, da fitilu, da muryar wani yana cewa in ja numfashi. Ina ta salati har ban san inda na tsaya ba.

Na farka da bandeji a wuya da wata siririyar roba tana zubar da jini cikin ƙaramar gora. Kafin komai likitan fiɗa ya sunkuyo ya ce in faɗi sunana. Na faɗa, muryar a dishe amma ta fito. Ya yi murmushi, domin jijiyar murya tana bi ne ta bayan tairod, kuma tsoron kowane mai wannan aiki ke nan. A kan teburin gefen gadona an ajiye wani ƙunshin kayan aiki, nas ta ce na gaggawa ne, ko da jini zai taru a wuya ya danne numfashi a buɗe ɗinkin nan take. Ta ce in na ji wuyan yana kumbura ko numfashi yana yi mini wuya, kada in jira kowa.

Tambayar farko na ce 3. Abin mamaki, ba yankan ne ya fi damuna ba. Maƙogwarona ne, inda aka zura bututun numfashi, da kuma ƙeyata, saboda an tallafe kafaɗuna an lanƙwasa kaina baya tsawon aikin. Haɗiyar yawu kuwa 5.

Cikin dare, wajen ƙarfe biyu, abin ya taso. Kamar an ɗaura mini zare mai zafi a wuya ana ja. Ƙanwata tana barci a kan tabarma a ƙasa. Nas ta zo da tocila da takardar binciken ta ce, "Sannu Malama, ya jiki?" Wallahi kafin in yi tunani bakina ya riga ya ce da sauƙi. Ta tsaya ba ta rubuta komai ba, ta haska katin. Na dube shi. Na ji nauyin in ce ina jin ciwo, ga wata a gadon ƙarshe da aka yi wa aikin ciki ko tari ba ta yi ba. Na ce, "Sista, 7 ne."

Ta rubuta lokacin, ta tafi ta dawo da allura. Na tambaye ta ko irin waɗannan ne da matasa ke lalacewa a kansu, don na san abin da taramol da fenta suka yi wa unguwanninmu. Ta ce danginsu ne, amma awo ne likita ya rubuta, na kwana ɗaya ko biyu, a ƙarƙashin ido. Ta ƙara da cewa wanda ciwo ya ɗaure ba ya iya tari, ba ya jan numfashi sosai, ba ya tashi ya taka, kuma nan ne wasu matsalolin ke samun ƙofa. Bayan rabin sa'a ta dawo, na ce 3. Na yi barci har asuba.

Da gari ya waye na lura da baiwar Allahn nan ta gadon ƙarshe. Dattijuwa ce, ba ta cikin binciken, don haka ba mai zuwa mata da kati. Ta ƙanƙame ƙarfen gado, goshinta duk gumi, ana gaishe ta tana cewa da sauƙi. Na aiki ƙanwata ta ce wa 'yarta ta je ta faɗa wa nas ƙarara cewa Inna tana jin ciwo mai tsanani. Aka zo aka duba ta aka yi mata allura. Da rana na ga ta tashi zaune tana shan kunu. Abin ya dame ni ƙwarai, har yanzu yana damuna: katin nan ba shi da tsada, takarda ce da layi. Ban ga dalilin da zai sa sai mai cikin bincike kaɗai za a nuna wa ba.

A rana ta biyu leɓɓana da yatsuna suka fara wani irin tsitsitsi kamar tururuwa na bi. An riga an gargaɗe ni, don haka na faɗa nan da nan. A bayan tairod akwai wasu 'yan halittu guda 4, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, su ke riƙe da ma'aunin sinadarin kalsiyam a jini, kuma sukan yi sanyi bayan an taɓa su. Aka gwada jini, aka ba ni ƙwayoyin kalsiyam, cikin 'yan makonni abin ya wuce. Aka cire robar, aka sallame ni a rana ta huɗu.

Tunda an cire tairod ɗin gaba ɗaya, yanzu lebotairosin nake sha, ƙwaya ɗaya kullum har ƙarshen rayuwa, ita ce madadin abin da jikina ya daina yi. Da ruwa zalla ake sha, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, kuma a raba ta da kalsiyam ko maganin ƙarin jini da sa'a 4. Nakan sha in na tashi sallar asuba. Da azumi ya zo na koma na tambaya, muka tsara in riƙa tashi kafin sahur da ɗan lokaci in sha, sannan in shiga kicin.

Bayan mako 6 na koma gwajin jini don a daidaita awon maganin. A baranda na haɗu da likitar, tana rungume da fayil, tana sauri. Ta gane ni, ta duba tabon, ta ce ya kwanta da kyau a cikin layin wuya. Na ce, "Likita, yanzu dai ai sai ki faɗa mini. Maganin aka sa mini ko ruwan gishiri? Don na ji fatar wuyana ta mutu a ranar." Ta ce fatar saman yanka takan yi hakan ga mutane da yawa ko ba allura, kuma ita ma har yanzu ba ta sani ba. Takardar da ke nuna abin da kowace lamba ta samu tana kulle, ba za a buɗe ba sai an gama da mutum na ƙarshe. Ta ce in ina so a sanar da ni in an buɗe, in bar lambar waya. Na karɓi birona daga jaka na rubuta mata tawa da ta Baba, don shi ma ya ce yana son ya ji.